Kwamfutar Kyauta ta Alhaji Sajo

Kalma ɗaya Alhaji Sajo ya kama a duk bayanin da Rahamatu ta yi masa: kyauta.

Rahamatu 'yar ƙanwarsa ce, tana da shagon gyaran kwamfuta a Gumel. Ta zauna ta jero masa manhajojin da ke raba na'ura ɗaya ta zama kwamfutoci da yawa, wannan ta fi sauƙi, waccan ta fi ƙarko, shi kuwa yana ta gyangyaɗi. Da ta ce wadda ta zaɓa ba a biyan ko sisi, sai ya wartsake ya hau sa mata albarka. Bai tambayi inda za a ajiye tasa kwamfutar ba. Tunda yana zaune a shago yana ganin lissafin buhunan riɗinsa na Gagarawa da Sule Tankarkar a wayarsa, ai magana ta ƙare.

Abin da ke hana shi barci ƙaninsa ne, Alhaji Cindo. Uwa ɗaya uba ɗaya, sana'a ɗaya, shaguna suna kallon juna a Maigatari, amma tun da suka raba jari Sajo ya daina amsa masa gaisuwa. Cindo dai bai fasa gaishe shi ba, wannan kuma ya fi komai ƙona masa rai.

Sai ga labari: wani babban dillali zai zo daga Kano ranar Alhamis, kuma duk wanda ya nuna masa kayan da ke rumbunansa nan take, shi zai samu cinikin kakar bana. Sajo ya ci alwashin ba zai bari ƙani ya sha gabansa ba.

Ranar da safe ya biya ta shagon Rahamatu, ya tarar tana shirin rufewa za ta biki Haɗeja. A can ƙurya ya hango wani baƙin akwati yana gurnani. Ya tambaya, ta ce kwamfutar Kawu Cindo ce, ta juya tana laluben makulli a jaka.

Shaiɗan bai sha wata wahala ba. Sajo ya sunkuya kamar mai gyara takalmi, ya zare wata shuɗiyar igiya daga bayan akwatin, ya cusa a aljihu. Akwatin ya ci gaba da gurnaninsa. Har Maigatari yana murmushi, ya ma yi wa direba kyautar goro.

Dillali ya fara da shagon babban wa, kamar yadda ya dace. Aka kawo lemo. Sajo ya buɗe waya da isa, ya danna. Shiru. Ya sake dannawa, ya ɗaga ta sama, ya goge ta da hannun riga. Dillali ya fara duban agogo, yana leƙen shagon da ke tsallaken titi.

Sajo ya kira Rahamatu ya rufe ta da faɗa. Ta ce daga can Haɗeja ma ta ga akwatin shago ya yanke daga intanet, ba ta san me ya taɓa shi ba.

"To ina ruwana da akwatin Cindo? Tawa nake tambayar ki."

Sai ta ce masa:

"Kawu, shi Kawu Cindo ya ce kada in faɗa maka. Taka a cikin akwatin nasa take. Shi ya ce in yanka maka wuri, kyauta, don kada yayansa ya kashe kuɗi."