Farantin da Tsoho Yake Awo a Kansa

Tunda ka ce manhajar zanen nan ta cika taurin kai, zauna in ba ka misali. An yi wani mai walda da ya ƙera injin casar shinkafa da hannunsa. Bai iya rubutu ba, littafinsa kawai wani baƙin farantin ƙarfe ne mai kauri da injin yake zaune a kai. Ya bi shi da ƙusa da guduma ya yi masa alamomi, duk abin da zai ɗaura daga nan yake aunawa da ɗani da yatsu. Da Allah ya yi masa rasuwa injin ya tsaya, tsatsa ta fara ci. Ɗansa, wanda ya koyi zanen injuna a kwamfuta, ya ƙudura zai zana shi kaf, a sake ƙerawa, ko ya ƙara jin wannan ƙarar da ya tashi yana ji. Ya zana sassan ɗaya bayan ɗaya, ya zo harhaɗawa. To ka san halinta: in kana haɗa sassa ba ta yarda ka kafa shimfiɗar awo, wato inda za ka auno mazaunin kowane sashe, a kan iska, sai ka jingina ta da fuskar wani sashe. Ya jingina ta farko da farantin, ta biyu da ta farko, haka har ya kammala.

Da zane ya yi kyau, sai farantin ya tsone masa ido: mummuna, ga nauyin tsiya. Ya goge shi. Manhaja ta yi masa gargaɗi, ya danne, ya adana a kan tsohon zanen. Na gasken ma da ke bayan gidansu ya kira 'yan gwangwan suka kwashe, har da gawar injin. Bayan sati biyu ya buɗe zanen zai ɗan matsar da wata sandar injin, sai komai ya watse. Shimfiɗun sun rasa majingina, ƙafar da bel ke juyawa a kai tana can, rariya tana nan, babu sashen da ya san nisansa da ɗan'uwansa. Ya ruga wurin 'yan gwangwan, suka ce ai mota ta tafi da kayan tun ranar Talata. Ya dawo ya tsugunna inda injin yake a da, yana shafa sawun da farantin ya bari a ƙasa, yana gwada ɗaninsa a kai. Hannunsa bai kai na tsohon ba. A nan kewa ta kama shi fiye da ranar jana'iza, don sau nawa tsohon ya ce masa, "Zo ka ga inda ake farawa," shi kuwa yana cewa gobe.

Har yau zanen yana cikin kwamfutarsa, kowane sashe da kyaunsa, injin kuwa bai sake ƙara ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, da-na-sani ƙeya ce, a baya take.