Ƙofar da Mai Hoto Ya Kasa Rufewa

Kin ce na cika tsanani, Malama, don na hana a buɗe miki hanyar shiga kwamfutocin makaranta daga gida. Bari in ba ki misali da wani mai hoto da aka yi a garinmu.

Shagon gadonsa ya yi daga mahaifinsa, a bakin tsohuwar tasha. Mu da muka tashi a lokacin ba ma manta shi: labule mai zanen teku, kujerar ƙarfe, da furen roba da ake ba mutum ya riƙe. Ranar sallah layi ake yi har bakin titi. Da wuya ki sami gidan da ba shi da fuska a shagon nan, amare da angwaye, 'yan firamare ranar gama makaranta, alhazan da suka dawo suna murmushi don a ga haƙorin Makka. Da ɗan ya ga danshi ya fara cin fim ɗin hotunan da uban ya tara a akwatuna, sai ya shafe shekaru yana kwashe su ɗaya bayan ɗaya zuwa cikin kwamfuta. Bai daɗe da gamawa ba fim ɗin ya manne da juna, aka zubar.

Mutum ne mai taka-tsantsan. Da ya jawo intanet shagon, ya san ɓarayin zamani ba sa haura katanga, ta waya suke shigowa. Sai ya sayo wata 'yar kwamfuta da ba ta wuce tafin hannu ba, allo ɗaya ne tsirara, ko murfi babu, ya zaunar da ita a gwangwanin alewa da ya huda wa ramukan shan iska. Ya ɗora mata manhajar tsaro irin wadda ba a sayarwa, wadda masana daga ƙasashe daban-daban ke haɗa hannu su rubuta, kowa yana iya leƙa cikinta ya gyara. Waya ɗaya ta shigo mata daga waje, ɗaya ta fita zuwa kwamfutocin shago. Aikinta na mai gadi ne: duk wanda ya ƙwanƙwasa daga waje ba a kira shi ba, ta mayar da shi. In ya duba da safe, yakan tarar baƙi sun taɓa ƙofa daga ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba, sun koma ba su sami komai ba.

To, akwai wani dattijo, tela, aminin mahaifinsa, wanda 'ya'yansa suka ɗauke shi zuwa Kaduna da tsufa ya kama shi. Wata rana ya bugo waya ya ce, "Kai ɗan nan, ka kulle mini abokaina a gwangwani, ni kuma an kulle ni a bene. Yaya za a yi mu gana?" Mai hoto ya yi dariya, ya buɗe masa ƙofa guda a jikin manhajar. Ya sa sunan garin a matsayin kalmar sirri don kada tsoho ya manta, ita kuma ƙofar ya raɗa mata suna Ƙofar Baba. Kullum bayan la'asar dattijon yakan shiga ta wayarsa ya yi ta kallon samarin da suka yi tashe tare, da sumarsu da wandunansu masu faɗin ƙafa. Wani lokaci ya kira ya ce wancan na gefen hagu direban asibiti ne, wancan kuma ya fi kowa iya rawa, Allah ya jiƙansa. Mai hoto yana saurare yana rubuta sunayen a ƙasan hotunan.

Da damina dattijon ya rasu. Matar mai hoto, wadda ke taya shi aikin shago, ta ce, "Malam, Baba ya tafi inda ba a kallon hoto. A rufe ƙofar nan mana." Ya ce, "Bari dai a yi arba'in." Aka yi arba'in, aka share makoki. Amma duk ranar da ya zauna zai goge ƙofar, sai idonsa ya faɗa kan sunan, ya ji kamar zai kori tsohon daga zauren ubansa. Sai ya ce gobe.

Wata safiya ya kunna kwamfuta, hoto ko ɗaya ya ƙi buɗuwa. Wasu da bai san su ba sun laluba sun sami ƙofar, sun canki sunan garin, sun kulle komai da nasu makullin, har da faifan ajiyar da ke jone da kwamfutar, suka bar saƙo suna neman fansar da ko shagon ya sayar ba zai iya biya ba. 'Yar kwamfutar ba ta yi barci ba. An gaya mata ne duk wanda ya zo ta nan da kalmar ɗan gida ne, ita kuwa ba ta san an yi rasuwa ba.

A cikin makon wata mata ta zo daga ƙauye. Tun tana jaririya a goye uwarta ta rasu, kuma an ce mata akwai hoton bikin uwar a shagon. Ya ba ta kujera, ya kawo mata ruwa, sannan ya gaya mata abin da ya sami hotunan. Haka ta koma ba ta san kamannin wadda ta haife ta ba.

Har yau ban iya ganin laifin mai hoton ba, don kara da ƙauna ne suka riƙe masa hannu. Sai dai ɓarawo bai san kara ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.