Agogon Baba a Ƙwaryar Gero

Shekarar da fari ya cinye gonarmu, Baba ya tafi cin rani, ya bar min agogon hannunsa, ya ce kada in bari ya tsaya.

Wata la'asar ina jan ruwa a rijiya, guga ya tuntsure min a hannu. Gilashin ya yi gumi daga ciki, tsinkayen suka tsaya cak. Na ruga gida ina kuka, don a tunanina tsayawarsa mutuwar Baba ce.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta goge shi da bakin zane, ta tura shi cikin ɗan geron da ya rage mana a ƙwarya, ta ajiye ƙwaryar a rana.

"Inna, ya mutu?"

"Ruwa kawai ya sha, 'yar nan. Gero zai tsotse."

Da ta ciro shi daga geron, ta rataye shi can saman bango, wai ya huta. Kullum na ɗaga kai sai in ga lokaci ya matsa, hankalina ya kwanta.

Sai bayan na yi aure ta faɗa min bai sake tashi ba. Ita ke juya tsinkayen da hannu, har Baba ya dawo. Har yau in na tuna, idona yakan cika.