Tumatir Mai Jin Kiɗa

Jaririyar ta fara lumshe ido ke nan kiɗan ya sake ɓarkewa. Uwar ta saɓa ta a kafaɗa, ta leƙa ta saman katanga.

"Maƙwabci, don girman Allah ka rage. Yarinyar nan ba ta samun barci."

Yana tsugune gaban wani ƙanjamammen tumatir, ya kafa masa sifika. "Haba maman yarinya, ilimi ne fa. Shuka idan tana jin kiɗa girma take yi."

"Allah sarki. Saura ka koya mata rawa."

Ta koma ɗaki tana huci, ta yanke shawara: in shukar ta mutu, kiɗa ya mutu. Kullum da ya fita aiki, sai ta ɗauko ruwan ɗaurayar kunzugun 'yarta ta sheƙa wa tumatirin ta saman katanga, ta koma tana jiran labarin rasuwa.

Ran nan aka yi sallama. Sai ga maƙwabci da kwano cike da tumatir jajawur, a bayansa ɗan dako na nishi da sabuwar sifika mai girman firji.

"Kin ga aikin kiɗa? Wallahi ko ruwa ban cika ba shi ba, balle taki."

Kafin ta buɗe baki, maigidanta ya ɗauki ɗaya ya gatsa, ruwan na bin gemunsa.

"Kai, wannan zaƙi! Maƙwabci, ƙara masa sauti."