Robar Gindin Ƙyaure

Zauna ka ji wani misali, tunda na ga kai ma ka gaji da gyaran abu ɗaya kullum. An yi wani manomi da rumbunsa ya faɗi, sai ya jibge geron cin gidansa a cikin ɗakinsa, bayan ƙyaure. Ƙofar kuwa gabas take kallo, inda ruwan damina ke bugowa. A gindin ƙyauren akwai roba da aka buga da ƙusoshi, don ta toshe kafar da ke tsakaninsa da dokin ƙofa. Ruwan fari da aka yi, ya tarar ta yage, ruwa ya malalo har gindin buhuna. Ya je wurin mai faci ya samo tsohuwar robar taya, ya yanka, ya durƙusa ya buga. Ko kwana goma ba ta yi ba ta yage. Ya samo mai kauri, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Haka ya yi ta fama har sau huɗu, ya dawo daga gona bayansa kamar zai tsinke, ya durƙusa da guduma yana tsine wa robar zamani. Har gaisuwa ya daina yi da mai facin, wai shi ke ba shi ruɓaɓɓiya. Alhali kullum in zai rufe ɗakin sai ya sa ƙafa ya ɗan ɗaga ƙyauren kafin ya shiga mazauninsa, amma sabo ya sa bai taɓa tambayar kansa dalili ba.

Ran da yake buga ta biyar, wani tsohon kafinta ya zo wucewa. Ko kallon robar bai yi ba. Ya kama ƙyauren ya buɗe, ya ji yana gurzar siminti, sai ya ɗaga kai ya nuna ƙarfen sama da ke riƙe da shi a jikin katako. Ƙusa biyu sun fice, ƙyauren ya sunkuya, duk buɗewa sai ya ci robar. "Malam, ciwon a sama yake," in ji shi. Kafin a kawo masa ruwan sha ya gama gyarawa. Da manomin ya janye buhunan don ya share ƙarƙashinsu, ya tarar na ƙasa guda biyu sun yi fumfuna, geron har ya tsiro ta jikin buhu. Ga marka ta kankama, na gona ko kai bai fitar ba, ga bakuna bakwai a gidan. Ya zauna a dokin ƙofa da gudumar a hannu, gajiya ta hana shi ko yin fushi.

Kafin ka sake ɗaukar guduma, ɗaga kai ka duba. Irin wannan ne Hausawa ke cewa, an bar jaki ana dukan taiki.