Ganyen da Ba Ya Yaushi

Karo na uku ke nan a mako guda da maigida ya naɗe hannun riga yana kankare gansakukar da ta rufe gilashin tankin kifinsa.

"Sannu da noma, Baban yara," in ji matarsa tana wucewa.

Ya ci gaba da kankara. Ya rage hasken fitila, ya sauya ruwa, ya rage wa kifin abinci har suna bin yatsansa. Kullum kuma sai ya ɗiga wa tsirran da ke cikin tankin taki na ruwa, don an ce masa idan suka yi ƙarfi za su kashe gansakukar da yunwa. Da tsirran nan yake cika wa baƙi baki. Tun da ya dawo daga tafiya wata uku da suka wuce, ko ganye ɗaya bai yi yaushi ba.

Da abin ya ishe shi, ya kira mai shagon kifi. Mutumin ya tsoma hannu, ya murza ganye, ya yi gyaran murya.

"Yallaɓai, wannan ai roba ce. Duk takin da kake zubawa, gansakuka kake kiwo."

Maigida ya juya a hankali. Matarsa na bakin ƙofa, ta rufe baki da mayafi.

"Kana tafiya suka mutu, na sa na roba a madadinsu," ta ce. "Na so in faɗa maka, sai ka shigo ka ce ba su taɓa yin kyau haka ba."