Ɗakin da Mamuda Ya Zana

A ba da hanya, ga Mamuda, gwanin maginan Kazaure a bakinsa, wanda ya yi rani uku a gidan Sarkin Magina, har yau tubali yake miƙawa!

Yau Tasalla, yarinyar da yake nema, ta gaji. Ta ce ko ya nuna mata ɗakin da zai ajiye ta, ko ya daina tare ta a hanyar rijiya. Ya durƙusa ya zana da tsinke a ƙasa.

"Nan azara, nan bakan gizo mai ɗauke da rufi, nan indararo. Irin na fada, ranki ya daɗe! In turo Kawu?"

Ta gyara tulunta, ta daɗe tana duban zanen.

"Mamuda, ɗakin nan ba shi da ƙofa. Ta indararon zan shiga?"